Bambancin fararen ƙwayoyin jini wajen sakin sinadaran kumburi: amsa ga wata ɗalibar gwajin jini a Jos

Wata ɗaliba da ke koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti a Jos ta aiko da tambaya mai kashi biyu. Ta ce kullum ana sa su shafa jini a gilashi, su rina shi, su ƙirga fararen ƙwayoyin jini iri-iri, amma ba ta ga abin da ya wajabta wannan rarrabewa ba, tunda an koya musu cewa dukkansu dakarun garkuwar jiki ne kuma dukkansu suna sakin sinadaran da ke tayar da kumburi. Sai kuma ta kawo batun ƙanenta mai ciwon asma, wanda duk lokacin hunturu ake saya masa Piriton, atishawa da ƙaiƙayin ido su lafa, amma shaƙewar ƙirjin da ke tashinsa cikin dare ta ƙi tafiya. Tana son ta san ko abubuwan biyu suna da alaƙa.

Ɗiyata, suna da alaƙa ta kusa, har ma zan ce halin da ƙanenki yake ciki shi ne mafi kyawun misalin da zai warware miki tambayar farko. Kumburin da ake nufi a nan shi ne martanin da jiki ke mayarwa idan an ji masa rauni ko ƙwayar cuta ta shige shi, wanda tun ƙarni na 1 Miladiyya marubucin Rum Selsus ya lissafa alamominsa huɗu: wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi, ya tashi, ya riƙa zogi. Sinadaran da ke haifar da waɗannan alamomi sun haura a ƙirga da yatsu, kuma wanda ya ce zai haddace su a jere, kowace ƙwaya da jerin nata, zai gaji kafin ya fahimci komai. Abin da ya fi amfani shi ne ki tambayi kowace ƙwaya abu biyu: ta wace hanya take samar da sinadarin, kuma cikin wane lokaci take sakinsa.

Hanyoyin uku ne. Akwai sinadaran da ƙwaya ta riga ta haɗa ta adana a cikin 'yan ƙananan jakunkuna, waɗannan ɗigo-ɗigon da kike gani a cikin wasu ƙwayoyin bayan kin zuba rinin Lishman. Su ana zubar da su cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Akwai waɗanda ba a adana su, sai an buƙata ƙwayar ta yanko wani kitse mai suna arakidonik daga fatarta ta sarrafa shi nan take ya zama furostagilandin ko lukotirayin, aikin da ke cin mintuna. Na uku su ne saitokain, ƙananan furotin masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, waɗanda yawancinsu sai an buɗe umarnin da ke cikin cibiyar ƙwaya, an kwafe shi, sannan a ƙera su, don haka sukan ɗauki awa guda zuwa awoyi. Kamar masu sana'ar abinci ne a bakin kasuwar Taminus ta Jos: mai gyaɗa ta riga ta ƙulla kayanta a leda, miƙo miki kawai za ta yi, mai ƙosai sai ta ɗebo ƙullu ta jefa a mai kina tsaye, mai tuwon biki kuwa sai an ba ta oda ta je kasuwa tukuna. Kowace farar ƙwaya tana iya amfani da fiye da hanya ɗaya, amma kowace da inda ta fi ƙarfi.

Ƙwayar da ta fi kowa sauri ba za ki taɓa ƙirga ta a gilashinki ba, domin ba ta yawo a cikin jini bayan ta balaga. Ita ce ƙwayar mast, wadda Bajamushe Pol Erlik ya bayyana a 1878 yana ɗalibin likitanci. Asalinta daga ɓargo ne kamar sauran, amma takan je ta tare a fata, da hanci, da hanyoyin iska na huhu, da bangon hanji, kusa da ƙananan jijiyoyin jini, ta zauna watanni. Jakunkunanta cike suke da histamin, da hefarin, da wani sinadarin narkar da furotin mai suna tiriftes. A kan fatarta ta waje kuma akwai makarɓai, wato wuraren da sinadari ke maƙalewa, da ke riƙe wani nau'in antibodi (furotin ɗin garkuwa mai gane baƙon abu) mai suna IgE, wanda aka gano a shekarun 1966 da 1967. Idan jikin mutum ya riga ya ƙera IgE a kan ƙurar gida, ko ƙurar furanni, ko dafin ƙudan zuma, ko fenisilin, to da zarar abin ya sake shigowa ya haɗa antibodi biyu da ke maƙwabtaka, sai ƙwayar ta zazzage jakunkunanta gaba ɗaya. Histamin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, yana sa bangonsu ya riƙa yoyon ruwa, yana kuma tsokanar jijiyoyin ji, shi ya sa ake ganin ja da tashin fata da ƙaiƙayi cikin minti 15. Borin jini ke nan, da atishawa, da idon da ke ruwa. Idan abin ya game jiki lokaci guda, awon jini ya faɗi ƙasa, maƙogwaro ya toshe, an shiga halin da ake kira anafilaksis, kuma a nan allurar adirenalin a tsokar cinya ce ke ceton rai. Piriton ba ya tare wannan hali, jiran aikinsa ma ɓata lokaci ne mai tsada.

Basofil 'yar uwar mast ce ta fuskar aiki, ita ce ke yawo a jini, ba ta kai kashi 1 cikin 100 na fararen ƙwayoyi ba, kuma za ki iya duba gilashi da yawa ba ki ci karo da ita ba. Tana da histamin, tana ƙera lukotirayin, tiriftes ɗinta kaɗan ne ƙwarai, amma tana da saurin fitar da saitokain mai suna IL-4, wanda ke ƙara karkata garkuwar jiki zuwa ɓangaren IgE.

Yanzu ga inda maganin ƙanenki ya tsaya. Piriton da danginsa suna toshe makarɓin histamin ne kaɗai, nau'in da ake kira H1. A hanci da ido da fata histamin ne kan gaba, don haka maganin yana aiki. A cikin huhu labarin ya sha bamban. Bayan ƙwayar mast ta zubar da abin da ta adana, sai ta koma hanya ta biyu, ta ƙera furostagilandin D2 da lukotirayin C4, wanda ke rikiɗewa zuwa D4 da E4. Tun 1938 masu bincike Feldbag da Kelawe suka lura a Ostireliya cewa huhun dabba da aka zuba wa dafin gamsheƙa yana fitar da wani abu mai matse tsoka a hankali kuma ya daɗe bai saki ba, amma sai a 1979 Bent Samuyelson na Suwidin da abokan aikinsa suka gano cewa lukotirayin ne, aikin da ya shiga cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 1982. Wajen matse hanyoyin iska, waɗannan lukotirayin sun fi histamin ƙarfi sau ɗaruruwa, suna kuma ƙara yawan majina mai kauri. Sannan a hanya ta uku ƙwayar mast da wasu fararen ƙwayoyi masu suna limfosait suna fitar da IL-5 da IL-13 da sinadaran kira, waɗanda bayan awoyi suke tara wata farar ƙwaya mai suna iyosinofil a bangon hanyoyin iska. Saboda haka yaron da ya shaƙi ƙura da yamma yana iya samun sauƙi, sannan ƙirjin ya sake kama shi cikin dare da wani zagaye na biyu wanda histamin ba shi da babban hannu a ciki. Sanyin Jos da busasshiyar iskar hunturu suna ƙara tsokanar hanyoyin iskar da suka riga suka kumbura.

Iyosinofil, mai jakunkuna ja-ja masu ruwan lemo da cibiya mai kunne biyu, yawanci kashi 1 zuwa 6 ce cikin 100. Abin da ta adana ya bambanta da na mast nesa ba kusa ba, domin furotin ne masu guba kai tsaye, guda huɗu sanannu, waɗanda aka tanada domin abokin gaba da ya fi ƙarfin haɗiya. Tsutsa ba ta haɗiyuwa ga ƙwaya, don haka iyosinofil takan manne a jikinta ta zuba mata gubar daga waje. Abin da ke huda fatar tsutsa kuwa yana iya ɗaye shimfiɗar hanyoyin iska, ya bar jijiyoyin ji a buɗe, kowace 'yar ƙura ta tayar da tari. Ita ma tana ƙera lukotirayin C4 da yawa. A ƙasarmu, idan kika ga iyosinofil ta yi yawa a jinin mutum, ki fara tunanin tsutsar ciki da tsargiya da tsutsotsin da ƙudan bakin rafi ko sauro ke yaɗawa kafin ki tafi ga asma, musamman ga wanda ya taso a ƙauyukan Filato da Nasarawa inda a da aka daɗe ana rabon maganin tsutsa na Mectizan. Tsohon maganin DEC da ake bai wa masu tsutsar makanta ya nuna wannan aiki a fili: yana kashe 'ya'yan tsutsar da yawa a lokaci guda, iyosinofil su yi musu rubdugu a fata da ido, mutum ya kwana yana susa da zazzaɓi, wani lokaci idon ma ya ƙara lalacewa, dalilin da ya sa aka daina amfani da shi a wannan cuta.

Abin da ya dace da ƙanenki, saboda haka, shi ne a kai shi asibiti a duba shi a tsanake, domin maganin da ke kwantar da zagaye na biyu shi ne sitiroyid na shaƙa da ake amfani da shi a kai a kai, wanda ke hana ƙera saitokain kuma yake rage iyosinofil a huhu. Ventolin yana sassauta tsokar da ta matse, amma bai taɓa kumburin da ke ƙarƙashi ba. Montelukas yana toshe makarɓin lukotirayin, likita ne zai ga ko ya dace a ƙara shi. Ku kuma lura ko ƙirjin yana tashi bayan ya sha asfirin ko ibufurofen, domin waɗannan suna rufe hanyar furostagilandin, kuma a jikin wasu masu asma hakan yana sa lukotirayin ya yi ambaliya.

Akwai wani ƙaiƙayi da duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin ya sani, wanda ke hana barci kwana biyu ko uku, kuma sau da yawa Piriton ba ya yi masa wani abin kirki. A 2009 masu bincike a Jami'ar Jons Hofkins ta Amurka suka nuna cewa kulorokwin yana taɓa wani makarɓi ne a kan jijiyar ji kanta, ba tare da ya bi ta histamin ba. Na kawo shi ne domin ki san alama ɗaya tana iya fitowa ta ƙofofi daban-daban.

Nutrofil ita ce mafi yawa, kashi 40 zuwa 70 cikin 100 a jinin baligi, kuma ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 nata a kowace rana, domin rayuwarta a jini gajeriya ce. Ita ce ke fara isowa daga jini zuwa wurin rauni cikin 'yan awoyi, tana bin sawun IL-8 da wani gutsuren furotin na jini mai suna C5a da kuma abubuwan da bakteriya ke zubarwa. A ganina kuskure ne a ɗauke ta mai kai saƙo da farko. Makamai ta fi ɗauka. Jakunkunanta hawa-hawa ne, kuma ba ta zubar da su lokaci guda irin na mast. Masu sauƙin fita suna taimaka mata ta manne a bangon jijiya ta kutsa, masu biye suna narkar da abin da ya tare mata hanya, su kuwa mafi haɗari, masu ɗauke da elastes da mayelofaroksides, takan ajiye su ne domin ta zuba a cikin aljihun da ta kulle bakteriyar da ta haɗiye. A can ne take yin abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan fanni: tana jan iskar oksijin da yawa farat ɗaya, ta mai da ita sufa'oksaid, shi kuma ya zama haidurojin faroksaid, sannan mayelofaroksides ya haɗa shi da kuloraid ɗin gishirin jiki ya fitar da haifokuloros, wato dangin sinadarin da ke cikin Hypo da ake wanke farin kaya da shi. Yaran da aka haifa da naƙasa a injin da ke fara wannan aiki suna fama da marurai da cututtukan huhu da hanta tun suna ƙanana, ko da yake adadin nutrofil ɗinsu a takarda lafiya lau yake, wanda ya isa ya nuna miki cewa ƙirga dabam, aiki dabam.

Mugunya gawarwakin nutrofil ce da naman da makamanta suka narkar, kuma korewar da kike gani a kakin mai ciwon huhu launin mayelofaroksides ne. Abokan karatunki na Bom, garin cibiyar binciken dabbobi kusa da Jos, da ke duba kaji za su gaya miki cewa mugunyar kaza tauri gare ta, ba ta kwarara, domin ƙwayar da ke matsayin nutrofil a tsuntsaye ba ta da wannan sinadari kuma ba ta narkar da nama yadda ta mutum ke yi. Daga kitsen fatarta kuma nutrofil tana ƙera lukotirayin B4. Ki lura da wannan sosai: kitse ɗaya ne, farkon hanya ɗaya ce, amma mast da iyosinofil suna ƙarasa shi zuwa C4 mai matse huhu, ita kuwa nutrofil tana ƙarasa shi zuwa B4 mai kiran 'yan uwanta su taru, saboda enzayim na ƙarshe, wato furotin ɗin da ke sarrafa kitsen, da kowace ke da shi ya bambanta. A 2004 kuma masu bincike a Balin ta Jamus suka bayyana cewa nutrofil tana iya warware zaren DNA ɗinta ta watsa shi waje kamar taru, ɗauke da elastes da sauran makamai, ya kama bakteriya, ko da yake tarun nan yana taimakawa wajen daskarewar jini a jijiya idan ya yi yawa.

Wannan ɓarna ta gefe ita ce ta sa nutrofil ke da hannu a cututtukan da ba a zata ba. A sanƙarau na bakteriya, su ne ke cika ruwan laka har ya yi gurɓi-gurɓi, kuma wani kaso na lahanin da ke barin yaro da kurumta daga kumburin yake fitowa. A sikila, nutrofil da suka harzuƙa suna manne wa bangon jijiya su kama jajayen ƙwayoyi masu lanƙwasa, hanya ta toshe, ciwo ya tashi, kuma an daɗe da lura cewa masu sikila da fararen ƙwayoyinsu ke da yawa ko suna lafiya sun fi fuskantar matsala. Ɗaya daga cikin amfanin maganin haidiroksiyuriya, ban da ƙara irin sinadarin jan jini na jarirai mai hana lanƙwasa, shi ne rage yawan nutrofil.

Monosait, babbar ƙwaya mai cibiya kamar ƙoda, kashi 2 zuwa 10 ce, kuma idan ta bar jini ta shiga nama takan zama makrofaj. Akwai kuma makrofaj da ke zaune dindindin a hanta da huhu da saifa da ƙwaƙwalwa, da yawansu tun mutum yana ciki suka tare. Ilya Mecinikof ne ya fara bayyana yadda irin waɗannan ƙwayoyi ke haɗiye baƙon abu a 1882, kuma shi da Erlik suka raba kyautar Nobel a 1908. Makrofaj ba ta da tarin jakunkunan da za ta zubar farat ɗaya. Ƙarfinta a hanya ta uku yake, kuma ba wanda ya kai ta yawan saitokain ɗin da ke game jiki. Tana da makarɓai masu gane alamomin da aka san ƙwayoyin cuta da su, misali wanda ke gane kitsen bangon bakteriya irin ta taifot, kuma da ta ji su sai ta fara ƙera TNF da IL-1 da IL-6. An gwada wannan a jikin masu sa kai da aka yi wa allurar ɗan kitsen bakteriya: TNF yakan kai ƙololuwa wajen minti 90, IL-6 ya biyo baya, zazzaɓi da ciwon jiki su zo tare da su.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan da histamin shi ne nisan zango. Histamin aikinsa a unguwarsu ne, kuma cikin mintuna ake rushe shi. TNF da IL-1 suna sa bangon jijiyoyi ya fito da abin da nutrofil za ta kama ta tsaya, wato makrofaj ce ma ke buɗe wa nutrofil ƙofa. Suna kuma isa ƙwaƙwalwa su sa a ƙera furostagilandin E2 a sashen da ke daidaita zafin jiki, zazzaɓi ya tashi, kuma wannan mataki na ƙarshe ne farasitamol da asfirin ke tarewa. Jon Ben na Ingila ne ya nuna a 1971 cewa asfirin yana hana ƙera furostagilandin. IL-6 yana zuwa hanta ya sa ta fitar da CRP, furotin ɗin da kuke aunawa don gane kumburi, wanda ke fara hawa bayan kimanin awa 6 ya kai ƙarshe cikin kwana biyu, ya kuma sa ta fitar da hefsidin mai kulle ƙarfen jiki, dalilin da ya sa mai doguwar jinya yake ƙarancin jini ko da ana ba shi maganin ƙarin jini.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne misalin da kowa ya ɗanɗana. Rawar sanyi da zafin da ke biyo baya suna zuwa ne daidai lokacin da jajayen ƙwayoyin da ƙwayar cutar ta cika suka fashe, suka zubar da tarkacensu a jini, monosait da makrofaj na saifa da hanta suka haɗiye suka amsa da TNF da IL-1. Binciken da aka yi a kan yara a Malawi a 1989 da Gambiya a 1990 ya nuna cewa TNF ya fi yawa a jinin waɗanda cutar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, musamman waɗanda suka rasu. Duk da haka, da aka gwada toshe TNF a irin waɗannan yara zazzaɓin ya ragu amma mace-macen ba su ragu ba. Irin wannan sakamako aka yi ta samu a gubar jini ta bakteriya, kuma darasin da likitoci suka ɗauka shi ne cewa idan ambaliyar saitokain ta riga ta tashi, cire sinadari ɗaya daga cikinta ba kasafai yake juya akalar cutar ba.

Limfosait, ƙaramar ƙwaya mai cibiya zagayayya da ta kusa cike ta, kashi 20 zuwa 40 ce, kuma ita ce mafi jinkiri, domin sai an gabatar mata da takamaiman abokin gaba, ta hayayyafa, sannan ta yi magana. Karon farko kwanaki ake yi. Amma idan ta yi magana ita ke zaɓar irin kumburin da za a yi. A 1986 masu bincike Mosman da Kofman suka nuna cewa limfosait mataimaka, masu alamar CD4, sun kasu gida-gida bisa saitokain ɗin da suke fitarwa. Gida na farko yana fitar da intaferon gama, wanda ke ƙara wa makrofaj ƙarfin kashe abin da ya ɓuya a cikinta. Gida na biyu yana fitar da IL-4 da IL-5 da IL-13, masu kawo IgE da iyosinofil da majina, wato su ne iyayen gidan asmar ƙanenki. Daga baya, wajen 2005, aka tabbatar da gida mai fitar da IL-17, wanda ke tara nutrofil. Akwai kuma masu kashe wutar, da IL-10 da makamantansa. A ƙarƙashin madubi duk kamarsu ɗaya, ba rinin da zai raba miki su.

Gwajin fata na tarin fuka yana nuna jinkirin nan ƙarara, domin ba a karanta shi sai bayan awa 48 zuwa 72, kuma abin da ake aunawa tauri ne na taruwar limfosait da makrofaj, saɓanin tashin fata mai laushi na histamin da ke fitowa cikin mintuna ya baje. A cikin huhu, intaferon gama da TNF ne ke riƙe katangar ƙwayoyin da ke tsare ƙwayar tarin fuka shekara da shekaru. Idan HIV ta cinye CD4 katangar takan rushe, haka ma idan aka ba mai ciwon gaɓɓai maganin toshe TNF, abin da aka tabbatar a rahotannin 2001, shi ya sa ake gwada tarin fuka kafin a fara irin wannan magani.

Sitiroyid irin su firednisolon da dekzametason suna aiki ne a cibiyar ƙwaya, suna hana buɗe umarnin saitokain, don haka suna taɓa kusan kowace ƙwaya amma sai bayan awoyi. A Yunin 2020 babban gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna dekzametason ya rage mutuwar masu korona da ke kan injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma bai amfani waɗanda ba su buƙatar oksijin ba, domin amfaninsa yana zuwa ne lokacin da kumburin ya fi ƙwayar cutar ɓarna. Wannan faɗin aiki nasa ne ya sa sayensa a kemis ba da umarnin likita ba, don ciwon jiki ko don ƙiba, yake da haɗari, kuma zai rikita miki sakamako a benci: iyosinofil da limfosait za su faɗi, nutrofil ta hau, ba don akwai cuta ba sai don maganin ya sakko da waɗanda ke manne a bangon jijiya ya kuma hana su fita zuwa nama.

Saboda haka idan kina ƙirga, ki sani adadin yana nuna miki wace runduna ɓargo ya tura da wadda ke kan hanya, amma abin da suke saki a can cikin nama sai an nemo shi ta wata hanya: CRP a madadin IL-6, tiriftes da aka ɗiba cikin awa 1 zuwa 2 bayan faɗuwar mutum don tabbatar da anafilaksis, iyosinofil a cikin kaki don sanin nau'in asma. Ki riƙa mayar da kaso zuwa ainihin adadi, domin kashi 60 na 3,000 da kashi 60 na 20,000 ba labari ɗaya suke bayarwa ba. Ki kuma yi hattara da ma'aunin da aka kwafo daga littattafan Turai, inda jimillar fararen ƙwayoyi take 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da alamar Dafi a kan jajayen ƙwayoyinsu, gadon da ke ba su kariya daga nau'in maleriya na baibaks, kuma wannan gado yana tafiya da ƙarancin nutrofil a jinin da aka ɗiba, ba tare da ƙarin kamuwa da cuta ba. Lafiyayyen mutum a Jos yana iya nuna nutrofil ƙasa da 2,000, limfosait ma su fi su yawa a kaso, kuma bai kamata a rubuta masa cuta ko a hana shi wani magani saboda wannan kaɗai ba, sai an haɗa da tarihinsa da abin da likita ya gani a jikinsa.